Na'ura Ba Ta Ƙarya? A Tambayi Masu Kwana A Ɗakin Gobe Da Nisa

A wajen wata gaisuwar rasuwa na tsinci maganar da ta sa ni wannan rubutu. Mamacin ya cika ne a sashen kulawa ta musamman na wani asibiti, wanda mutanenmu ke kira ɗakin gobe da nisa. Ana cikin jajantawa sai wani dattijo, mai bokonsa daidai gwargwado, ya ce: "Ai babu wani abin tuhuma. An jona masa na'ura, komai na fitowa a allo. Likita kan yi kuskure, amma na'ura ba ta ƙarya."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma ban tanka ba, don zaman makoki ba wajen gardama ba ne, kuma idan kwana ya ƙare babu na'urar da za ta ƙara shi. Sai dai rabin maganar na ƙarshe ya tsaya mini a maƙogwaro.

Ga inda na tsaya. Allon nan da ke rataye a saman gadon majinyaci yana da hannu dumu-dumu a cikin hukuncin da likita ke yankewa. Wani ne ya zauna a wani kamfani, a wata ƙasa, ya zaɓi lambar da za ta fito ɓaro-ɓaro, da wadda za ta maƙale a lungu, da wadda za ta yi ja, da wadda ba za a gani ba sai an danna maɓalli an shiga wani shafi. Abin da ya zaɓa shi ne abin da idon likita ke fara faɗawa a kai da tsakar dare, kuma abin da ido ya fara gani shi ke jan tunani. Saboda haka ya kamata a riƙa tuhumar allo kamar yadda ake tuhumar magani: wa ya gwada shi, a kan su wa, kuma me ya haifar?

Yawan bayani ba shi ne sani ba

Mutumin da ke kwance a irin wannan ɗaki ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo. Sau da yawa akwai bututu a maƙogwaronsa, an kuma ba shi maganin barci. Lambobi ne ke magana a madadinsa: bugun zuciya, awon jini, yawan numfashi, iskar oksijin, zafin jiki, fitsarin da ya yi a awa guda, sakamakon gwajin ƙoda da na hanta, magungunan da ke ɗiga cikin jijiya. Wani bincike da aka wallafa a 2008 kan sashen kulawa ta musamman na yara a Toronto ta ƙasar Kanada ya ƙirga cewa ana rubuta bayanai sama da 1,300 a kan yaro ɗaya a kwana ɗaya. Likitan da ke zagaye kuwa ba gado ɗaya ke jiransa ba.

Babu kan da zai ɗauki wannan lodi. Dole a tace. Tambayar ita ce wa ke tacewa, kuma da wane rariya.

A 2011 wasu likitocin asibitin Mayo Clinic da ke Amurka sun yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. Suka ɗauki likitoci 20 na sashen kulawa ta musamman, suka ba su bayanan majinyata iri ɗaya, amma ta fuska biyu: ɗaya ita ce manhajar asibiti da aka saba da ita, ɗayar kuma sabon tsari ne da ya tattaro abin da ya fi muhimmanci ya jera shi gaɓa-gaɓa, na zuciya wuri ɗaya, na huhu wuri ɗaya, na ƙoda wuri ɗaya. Likitocin nan dai su ne, iliminsu bai ƙaru ba, majinyatan ma ba su canza ba. Amma da sabon tsarin kurakurai suka ragu sosai, aikin da ke cin sakan 145 kuma ya dawo sakan 93.

Duk wanda ya taɓa sayen tumatir a kwando ya san wannan. Mai kaya ke zaɓar na sama, kai kuma da na saman kake yanke hukunci a kan kwandon duka. Bambancin kawai shi ne mai ƙera allo ba ya nufin cuta, bai dai san wane ne ruɓaɓɓen da zai kwana a ƙasa ba.

Ga misali na kusa. Mace ta haihu da rana, an yi mata aiki. Da daddare allo na nuna bugun zuciyarta 96, awon jininta na sama 105. Duka biyun suna cikin iyakar da aka saita wa na'ura, don haka babu ja, babu ƙara. Amma da magariba bugun 72 ne, awon jinin kuma 130. Ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, a hankali. Wannan zubar jini ce ta ciki har sai an tabbatar ba ita ba ce, kuma jikin mace mai ƙuruciya kan daure ya riƙe awon jini har sai abu ya yi nisa, sannan ya saki gaba ɗaya. Allon da ke nuna lambar yanzu kaɗai zai ce lafiya lau. Allon da ke zana layin awa shida da suka wuce zai tsayar da nas tun daga bakin ƙofa. Duka allunan biyu gaskiya suka faɗa, amma a ƙarƙashin ɗaya matar za ta kwana ana kallonta.

Ƙarar da kunne ya saba da ita

Na taɓa zaman jinya a bakin irin wannan ɗaki, kuma abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙara. Ba ta ɗaukewa. Wannan gado na yin ƙit-ƙit, wancan na kuka, famfon ƙarin ruwa na can yana nasa. Na ga wata malamar jinya tana rubutu a fayil, ƙararrawa ta tashi a bayanta, ta miƙa hannu ta danne maɓallin ba tare da ta ɗago kai ba. Raina ya ɓaci. Da na matsa na duba, ashe majinyacin ne ya motsa hannu, ɗan matsin auna oksijin da ke yatsarsa ya zame. Ta riga ta san haka, domin tun safe yake zamewa.

A nan ne mutane ke cewa: "Ka gani ko? Sakacin ma'aikata ne, ba laifin na'ura ba." Ina ganin wannan hukunci ya yi gaggawa.

A asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, wata tawaga ƙarƙashin Barbara Drew ta tattara duk ƙararrawar da na'urori suka buga a sassan kulawa ta musamman guda 5 cikin kwana 31, aka wallafa sakamakon a 2014. Majinyata 461 ne, ƙararrawa kuwa ta haura miliyan biyu da rabi. Waɗanda ke fitar da sauti kaɗai sun kai 187 a kowane gado a kowace rana. Da suka bi diddigin ƙararrawar da ke cewa bugun zuciya ya rikice, sai suka tarar kusan kashi 89 cikin ɗari ƙarya ce.

To, a ɗora kowa a wannan kujera. Abin da ke kiranka sau goma, tara daga ciki a banza, yaya za ka yi da kira na sha ɗaya? Kunnen ɗan Adam haka aka halicce shi, yana daina jin abin da ya yawaita. Hukumar Joint Commission, mai tantance asibitocin Amurka, ta ba da rahoto a 2013 cewa tsakanin Janairun 2009 da Yunin 2012 an kai mata rahoton aukuwa 98 masu alaƙa da ƙararrawa, 80 daga ciki sun ƙare da mutuwa. Ita kanta hukumar ta ce abin da ake kai mata bai kai abin da ke faruwa ba.

Ban ce babu malalata a asibiti ba. Akwai su, kamar yadda suke a kowace sana'a. Amma idan ka kori wannan nas ka kawo wata, ka bar mata na'urar da ke kuka sau 187, kafin wata ya zagayo ita ma za ta koyi miƙa hannu ba tare da ɗago kai ba.

A wannan asibiti na San Francisco ne dai, a 2013, aka ba wani yaro ɗan shekara 16 ƙwayar maganin kashe ƙwayoyin cuta 38 da rabi a maimakon ɗaya. Likitar ta rubuta 160 tana nufin miligiram 160. Allon kuwa a saite yake a kan miligiram a kowane kilo na nauyin jiki, kuma alamar da ke bambanta biyun 'yar ƙarama ce. Kwamfuta ta ninka lambar da nauyin yaron. Gargaɗi ya fito wa likita, ya fito wa mai haɗa magani, duka suka wuce shi, domin kamanninsa ɗaya da tarin gargaɗin banza da suke gogewa kullum. Yaron ya yi farfaɗiya, aka garzaya da shi sashen kulawa ta musamman, Allah ya yi da sauran kwanansa. Mutanen da abin ya bi ta hannunsu ƙwararru ne, a ɗaya daga cikin manyan asibitocin ƙasar.

Lambar da ta fi shafar mu

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Ɗan matsin nan da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin, wanda ya cika shagunan magani a zamanin korona, wani injiniya ɗan Japan mai suna Takuo Aoyagi ne ya gano dabararsa a farkon shekarun 1970. Yadda yake aiki shi ne yana harba haske iri biyu ta cikin yatsa, ja da wani wanda ido ba ya gani, sai ya auna nawa jini ya shanye. Jinin da ya ƙoshi da oksijin da wanda bai ƙoshi ba, shan haskensu ya bambanta. Daga nan yake lissafo lamba. Wato ƙiyasi yake yi, bai taɓa jinin ba.

Hasken nan kuwa sai ya ratsa fata kafin ya kai ga jini.

A Disamban 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka kwatanta lambar matsin yatsa da ainihin awon da aka yi da jinin da aka zuƙo daga jijiya. Suka duba lokutan da matsin ke nuna 92 zuwa 96, wato lambar da ke kwantar wa likita hankali. A cikin fararen fata, kashi 3.6 cikin ɗari na irin waɗannan lokuta ainihin oksijin ɗin ya faɗi ƙasa da 88. A cikin baƙar fata, kashi 11.7 ne. Ninki uku ke nan. Wani bincike na Jami'ar Johns Hopkins a 2022 ya nuna cewa a lokacin korona wannan kuskure ya sa an yi jinkirin gane cewa wasu baƙar fata sun cancanci magani.

Abin haushin, ba sabon labari ba ne. Tun 1990 wasu likitoci biyu, Jubran da Tobin, suka rubuta cewa lambar 92 da ke wadatar da farar fata ba ta wadatar da baƙar fata, sai an nemi 95. Shekara talatin maganar na kwance a mujalla. Ƙa'idar da hukumar FDA, mai sa ido kan magunguna da kayan aikin asibiti a Amurka, ta fitar a 2013 ta ce ya isa a samu mutum biyu masu duhun fata, ko kashi 15 cikin ɗari, a cikin waɗanda za a gwada na'urar a kansu. A Amurka ana kiran wannan matsalar 'yan tsiraru. A Kano ko Maraɗi kuwa, wane ne ba ya cikin 'yan tsirarun?

Kuma ba launin fata kaɗai ba. A kawo iyalin da suka kwana da janareto a cikin gida, hayaƙi ya bugar da su. Gubar hayaƙin nan tana kama jini a gurbin oksijin, matsin yatsa na yau da kullum kuma ba ya bambanta su, sai ya nuna 98 ko 99 alhali mutum na mutuwa. A kawo yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, tafin hannunsa fari fat. Matsin zai iya nuna 99, kuma bai yi ƙarya ba, don ɗan jinin da ya rage ya ƙoshi da oksijin. Bai dai faɗi cewa jinin ya kusa ƙarewa ba, domin ba a ƙera shi don wannan ba. Baƙin lalle a yatsa na iya tare hasken, haka jan farce mai duhu, haka yatsar da ta yi sanyi saboda jini ba ya kai mata sosai.

Duk wannan, allo ba ya faɗa. Yana fito da 96 ɗinsa da manyan lambobi, tsaf, babu alamar shakka. Da zai rubuta "tsakanin 91 da 98", da likita ya ɗan dakata ya dubi leɓen majinyaci da yadda ƙirjinsa ke ɗagawa. Lamba guda tak mai sheƙi tana sa mutum ya ji magana ta ƙare.

Kada wani ya ce na ce a zubar da na'urar. Ko kusa. Kafin zuwanta, da ido ake neman shuɗin leɓe, wanda ya fi wuyar gani a baƙar fata. Ta ceci rayukan da ba su ƙirguwa a ɗakin tiyata da ɗakin yara masu limoniya, kuma asibitocinmu na karkara ƙarinta suke buƙata. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

"Mu da ko gadon ba mu da shi"

Wannan ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini, kuma ina girmama ta. A inda ake neman silindar oksijin ruwa a jallo, inda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, inda likitoci ke tattara takardunsu suna barin ƙasa, ashe maganar launin lamba a allo ba maganar ƙoshi ba ce?

A ganina talaucin ne ma ya sa maganar ta fi zama dole. Inda nas ɗaya ke kula da majinyaci ɗaya, idonta na iya cike giɓin da allo ya bari. Inda take ita kaɗai a kan gadaje da yawa, allon ne idonta. Inda ake iya zuƙo jini a tabbatar da oksijin cikin mintuna, ƙaryar matsin yatsa ba ta daɗewa. Inda babu wannan gwaji, lambar yatsa ita ce alƙali, babu ɗaukaka ƙara.

Sannan a dubi yadda kayan ke zuwa mana. Wannan na'ura kyauta ce daga wata ƙungiya, waccan ɗan kwangila ne ya kawo, ta kusa da ita tsohuwa ce da wani asibitin Turai ya sallama. Kowane kamfani da launinsa da jerinsa, inda oksijin ya fito da shuɗi a wannan gado, a na gaba rawaya ne. Awon suga ma iri biyu ake amfani da su a Najeriya, kuma ɗaya ninki 18 ne na ɗayan. Lamba 40 a wani awo na nufin suga ya faɗi ƙasa har mutum na iya suma, a ɗaya awon kuma na nufin ya yi hawan da ke kisa. Maganin wannan kishiyar maganin wancan ne. Abin da ke raba su 'yan ƙananan haruffa ne a gefen lambar.

Gyara kuma ba lallai sai da kuɗi masu yawa ba. A 2012 ƙungiyar likitoci ta Royal College of Physicians da ke Landan ta fito da wata takardar awo mai launi, aka sabunta ta a 2017. Nas na rubuta numfashi, bugun zuciya, awon jini, zafin jiki, oksijin da yanayin hayyaci, kowanne ya faɗa cikin wani launi mai maki, a haɗa makin, idan ya kai wani mataki dole a kira likita. Asalinta takarda ce da biro. Abin da ta yi kawai shi ne ta jera tsofaffin lambobi yadda ido zai ga mutum na gangarawa.

Akwai kuma wani dalili da ba mu cika son faɗa ba. Wani nazari na Johns Hopkins a 2012, wanda ya tattara binciken gawarwakin waɗanda suka rasu a sassan kulawa ta musamman, ya gano cewa a kashi 28 cikin ɗari akwai aƙalla cuta ɗaya da ba a gano ba kafin rasuwa, a kashi 8 kuma kuskuren na iya zama sanadi ko ya taimaka wajen mutuwar. Gudan jini a huhu, toshewar jijiyar zuciya da limoniya na cikin waɗanda aka fi kuskurewa. Su sun san wannan ne don suna bincika gawa. Mu muna gaggauta suturta mamaci, kamar yadda addini ya koyar, kuma ba na neman a canza haka. Amma ma'anarsa ita ce kuskuren da allo ya jawo ba zai taɓa dawowa ya nuna kansa ba. Tilas mu tare shi tun daga gaba.

Masu cewa ƙirƙirarriyar basira za ta share duk wannan, su ɗan yi haƙuri. A 2021 an gwada wata manhaja ta kamfanin Epic da ɗaruruwan asibitocin Amurka ke amfani da ita don hango sefsis, wato lokacin da ƙwayoyin cuta suka birkita jiki har gaɓoɓin ciki suka fara gazawa. A asibitin Jami'ar Michigan ta kuskure kashi 67 cikin ɗari na masu cutar, ta kuma buga ƙararrawa a kan kashi 18 cikin ɗari na duk waɗanda aka kwantar. Wata sabuwar ƙara ce aka ƙara a kan tsofaffin.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Idan za a sayi na'urorin sashen kulawa ta musamman, a sa nas mai kwanan dare da likitan da ke zagaye a cikin masu zaɓe, a ajiye musu alluna biyu ko uku su gwada da bayanan majinyata na gaske, kafin a sa hannu a takardar kwangila. Ɗaki ɗaya ya zama iri ɗaya, awo ɗaya. A riƙa saita iyakar ƙararrawa daidai da halin kowane majinyaci, a daina barinta yadda ta fito daga kwali. Hukumar NAFDAC, wadda rajistar kayan aikin asibiti ke hannunta, ta riƙa tambayar duk mai shigo da matsin yatsa shaidar cewa an gwada shi a kan masu duhun fata, da adadinsu. FDA ma a Janairun 2025 ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida da ke neman a ƙara yawan waɗanda ake gwaji a kansu, a kuma auna launin fatarsu da ma'auni.

Mai zaman jinya shi ma yana da nasa. Idan ka ga numfashin ɗan'uwanka ya canza, ko ya fara sambatu, ko jikinsa ya yi sanyi, ka faɗa wa nas ko da allo na nuna lambobi masu kyau. Idan da janareto aka kwana a ɗaki, ka faɗi hakan tun a bakin ƙofa, kafin a maƙala masa komai a yatsa.